Tankar man gas ta kife a bakin gonata: wurin zai sake nomuwa?

Tambaya: Yau kwana tara da wata tankar man gas ta kife a babban titin da ya bi ta gefen gonata. Jama'a sun kwashi abin da suka kwasa a jarkoki, ragowar ya bi lambatu ya malale wata kusurwa ta gonar, kamar taku 20 a tsaye da 15 a kwance. Ƙasar jigawa ce. Muna da rijiya kamar taku 50 daga wurin, ta wajen gangare. Wasu sun ce in cinna wa wurin wuta, wakilin mai motar kuma ya ce zai kawo tifa biyu ta yashi a rufe, ya ɗan ba ni wani abu. Ga damina ta ƙarato. Yaya zan yi, kuma zan iya shuka wurin bana?

Malam, ina yi maka jaje, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Gyaran ƙasa da ruwan da mai ya ɓata shi ne aikina, don haka bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ka cinna wutar nan. Kada ka karɓi tifar yashi a matsayin gyara, kada kuma ka sa hannu a kowace takarda tukuna. Kusurwar nan ba ta shukuwa bana, amma sauran gonar da man bai taɓa ba ka noma abinka. Ni kuwa a duk bayanin da ka yi, rijiyar ce ta fi tayar mini da hankali.

Baƙin da kake gani a sama kaɗan ne daga cikin man. Jigawa ba ta riƙe abu; yadda take shanye ruwan sama nan da nan, haka take shanye mai. Man yana ta nutsewa, kowane taƙi na ƙasa ya riƙe rabonsa, har sai ya ƙare ko ya ci karo da abin da zai tare shi: laka, marmara, ko ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. In ya isa ruwan ba ya nutsewa, domin ya fi ruwa sauƙi, litar man gas kusan giram 850 ce alhali litar ruwa kilo guda ce. Sai ya kwanta a samansa kamar mai a kan miya, ya riƙa bin gangare a hankali, yana sakin wani sashe nasa yana narkewa a ruwan. Ruwan rijiya kuwa yana hawa da damina, ya sauka da rani, kuma duk hawa da sauka sai ya shafa man a jikin ƙasar da ya ratsa. Shi ya sa wurin da aka iya gyarawa da shebur da tifa a makon farko, in ya sha damina guda sai ya koma aikin injiniyoyi da famfuna na shekaru.

Ga ɗan lissafi don ka san girman abin da ake so a rufe maka da yashi. Ƙa'idar da ake aiki da ita a harkar mai a Najeriya ta ce ƙasar da man cikinta ya kai miligiram 5,000 a kowane kilo, dole a gyara ta, kuma burin da ake son a kai shi ne miligiram 50. Miligiram 5,000 giram biyar ke nan. Ƙasa mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi takan yi nauyin kusan kilo 1,600, ka ga kilo takwas na mai, wato kimanin lita goma, ya isa ya kai ta wannan haddi. Tankokin da ke bin hanyoyinmu kan ɗauki lita 33,000 ko 45,000. Ko lita 2,000 kacal ce ta shiga gonarka, ta isa ta ɓata ƙasa cikin tifa ashirin. Wurin da ka kwatanta ya kusa murabba'in mita 200, tifa biyu ta yashi in an baje ta a kai kaurinta ba zai wuce santimita goma ba. Za ta ɓoye baƙin, ta rage wari na ɗan lokaci, ta kuma toshe iskar da ake buƙata don man ya ruɓe. Mai motar ne kawai zai amfana, domin shaida ta ɓace. Na taɓa zuwa wani wuri da aka yi wannan rufa-rufa da jar ƙasa, kowa ya watse ana murna. Bayan damina biyu aka fara jawo guga da maiƙo a kai, mai motar kuwa ko lambarsa ba wanda ya riƙe.

Wuta ita ma yaudara ce. Ƙasa ba ta kai zafi can ciki, saman kawai ke ci, man da ke ƙasa da taƙi guda yana nan daram. Zafin ma yakan tsinka wanda ke kusa ya ƙara nutsewa. Sannan wutar ta kashe ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar, waɗanda su ne ma'aikatan da za mu dogara da su nan gaba, ta ƙone ɗan takin da ke wurin, ta bar baƙin toka mai ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji. Wasu kuma sukan ce a zuba omo a kwarara ruwa. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago: omo yana haɗa mai da ruwa, sai ya sauƙaƙa masa tafiya zuwa rijiyar da kake son ka tsare.

Kafin a taɓa wurin, ka tabbatar da abin da motar ta ɗauko. Tanka tana da ɗakuna, kuma yakan yiwu wani ɗakin gas ne wani fetur. A duba takardar lodin. Bambancin ba ƙarami ba ne. Man gas ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya yi zafin da ya haura digiri 50, amma fetur yana fitarwa ko da sanyin da ya fi na ƙanƙara. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a lambatu, kwalbati da rami, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Abin da ya faru ke nan a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu, da mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, da kuma Yamai a watan Mayu na 2019. Allah ya jiƙansu. In akwai fetur a ciki, wannan ba aikin 'yan ƙwadago da diga ba ne, sai an zo da na'urar auna tururi, 'yan kwana-kwana na tsaye. Ko da gas ne zalla, a zafin bazara saman ƙasa yana yin zafin da ba a wasa da shi, don haka babu sigari, babu janareta a kusa, a yi aikin da sassafe ko da yamma.

To, sai gyaran kansa. Abu na farko a tare hanyar ruwa. A yi 'yar kunya ta ƙasa mai tsabta a saman wurin, yadda ruwan titi zai kauce masa, a kuma yashe lambatun da man ya bi, domin laka da sharar cikinsa sun sha mai, ruwan farko zai kwaso su ya juye maka. In akwai inda mai ya kwanta, a kwashe a durom, a zuba garin katako ko ɓuntun shinkafa ya tsotse sauran, a tattara shi tare da gurɓatacciyar ƙasar. In haƙa ba za ta samu ba kafin ruwa ya sauka, a lulluɓe wurin da tamfol ko leda mai kauri a danne gefe da duwatsu. Wannan ba gyara ba ne, sayen lokaci ne.

Daga nan a nemi iyakar man, a kwance da kuma a tsaye. Ana haƙa ƙananan ramuka, a tsakiya, a gefe, da kuma a kan layin da ya nufi rijiya, ana duba ƙasar kowane rabin mita. Hanci da ido suna taimakawa: ka ɗebi ƙasar ka zuba a kwalba mai ruwa ka girgiza, in maiƙo mai launin bakan gizo ya taso, akwai mai. Sai dai rashin ganinsa ba ya nufin babu. Hukunci na ɗakin gwaje-gwaje ne, gwajin da ake kira TPH, wanda ke auna jimillar man da ke cikin ƙasa, da na BTEX, wanda ke neman benzin da 'yan uwansa, wato sinadarai masu guba da ke cikin fetur, idan ana zargin fetur. A kwalbar gilashi ake ɗaukar samfur, a cika ta maƙil, a rufe, a sa cikin ƙanƙara, a kai da wuri. Wanda aka ɗauka a leda aka bari a bayan mota cikin rana zai nuna sakamako mai daɗin ji, amma na ƙarya.

Sai a kwashe ƙasar har a kai inda take da tsabta, a ɗauki samfur daga gindin ramin da bangonsa kafin a cike. Abubuwa biyu da ake yawan mantawa: ramin jigawa da ya wuce ƙirjin mutum yana iya ruftawa ba sallama, don haka a kwantar da bakinsa, sannan gefen manyan tituna akwai wayoyin sadarwa da bututun ruwa a binne, kuma haƙa dab da kwalta na iya zaftare kafaɗar titin. A sanar da masu kula da hanyar kafin katafila ta sa baki. In bututun ruwa na roba ya ratsa wurin a canza shi, domin mai yana ratsa roba ya shiga ruwan ko babu tsaga. Ma'aikata su sa takalmin roba da safar hannu, yara da dabbobi su yi nisa.

Ina za a kai ƙasar? Ba bola ba, ba kududdufin bayan gari ba, ba kuma cikon gini ba. Wannan sauya wa matsala mazauni ne. Akwai kamfanonin da ke gasa irin wannan ƙasa a na'ura har man ya fita, amma tsadarsu da nisansu sun fi ƙarfin gona guda. Abin da ya dace da kai shi ne hanyar da mu a wajen aiki muke kira noman ƙasa, kuma a nan ka fi yawancin injiniyoyi ƙwarewa, domin kusan duk abin da ake yi aikin manomi ne.

A cikin kowace ƙasar noma akwai bakteriya, irin su Pseudomonas da Rhodococcus, da wasu nau'o'in fumfuna, waɗanda ke cin mai su mayar da shi ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ba sai an sayo su ba. In wani ya zo maka da jarkar maganin da ya ce daga waje aka kawo, yana narkar da mai cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka. Abin da suke so iska ne, da danshi, da abinci, da ɗumi. Ɗumi dai Allah ya hore mana, suna aiki sosai tsakanin digiri 10 zuwa 45, shi ya sa aikin ya fi sauri a nan fiye da ƙasashen sanyi.

A zaɓi fili a kan tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwa. A shimfiɗa leda mai kauri, ko a daɓe laka, a ɗora ɗan yashi a kai don kada fartanya ta huda ta, a kewaye da kunya, a yi ɗan rami a kusurwar gangare inda ruwan da ya tsatso zai taru a mayar da shi kan ƙasar. Sai a baje ƙasar, kaurinta kada ya wuce santimita 30, iyakar inda garma ke kaiwa. In ƙasarka tifa ashirin ce, da yake ƙasa na kumbura in an haƙe ta, za ka buƙaci fili kamar ninki huɗu na wurin da ya ɓaci. A cakuɗa ta da kashin kaji ko takin shanu da ya ruɓe, da ɓuntu ko ƙaiƙayi don ta yi sako-sako iska ta ratsa. Wadda ta jiƙe sharkaf da mai sai an sirka ta da ƙasar da man cikinta bai yi yawa ba, domin in man ya kai kashi biyar cikin ɗari na nauyin ƙasar, su kansu ƙwayoyin yana kashe su.

A wurin ƙwayoyin nan, man abinci ne mai kitse ba gishiri: carbon ne kusan zalla, babu naitirojin, sinadarin da ke cikin yuriya. Ma'aunin da muke bi shi ne carbon 100, naitirojin 10, fosfaras 1. A aikace, buhun yuriya mai kilo 50 ya ishi kimanin lita 300 ta man da ke cikin ƙasa, da ɗan NPK saboda fosfaras. Amma kada a zuba gaba ɗaya. A raba shi uku ko huɗu, tsakani kamar wata guda, a kuma rage in an sa kashin kaji da yawa. Yawan taki yana ƙona ƙwayoyin kamar yadda yake ƙona shuka, ragowar kuma ya zame wa ruwa wata sabuwar guba. Danshin da ake so shi ne wanda in ka dunƙule ƙasar a hannu za ta kama, amma ba ta ɗiga. Da rani a yi yayyafi, da damina a rufe da tamfol in za a yi ruwa mai ƙarfi, a buɗe in ya ɗauke. A riƙa kaftu ana juya ta duk mako ko mako biyu. Juyawar nan ita ce ran aikin, ita ce kuma abin da ake fara yi wa ha'inci in mai biya ya daina leƙowa.

A watannin farko man zai ragu da sauri, warin ya tafi, har ka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Sassan man masu sauƙi ne suka tafi, masu nauyin sun maƙale a jikin ƙasa, su ne ke cin lokaci. Ga man gas, ka sa ran wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. A auna a farko, a tsakiya, da ƙarshe.

Kada wani ya ce maka a yi wannan kaftu a nan inda man ya zuba ba tare da haƙa ba. In man bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, hakan na yiwuwa. A jigawa bayan kwana tara, da wuya. Wannan kuskuren an riga an yi shi a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agusta na 2011 ya nuna cewa an daɗe ana juya saman ƙasa ana cewa an gyara, alhali a wurare da dama man ya nutse har mita biyar. A Nisisioken Ogale sun tarar da tataccen mai mai kaurin santimita takwas kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, mutane kuma na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin ɗinsa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Rahoton ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Gonarka ba Ogoni ba ce, amma yadda mai ke tafiya a ƙasa ɗaya ne ko'ina.

Mu dawo kan rijiya. Taku 50 ta wajen gangare a ƙasar jigawa kusa ne ƙwarai. Abin da ban ji daga gare ka ba shi ne gaba nawa ake yi kafin a taɓa ruwa. In gaba biyu ko uku ne, irin na fadama, a ɗauka ruwan na cikin haɗari tun yanzu. In ya haura gaba goma kuma akwai laka a tsakani, akwai sauran lokaci. Ko yaya ne, shawarata a dakatar da sha da girki da shayar da dabbobi daga gare ta har a gwada, a kuma rage ɗiba, domin yawan jan ruwa yana janyo man ya nufo rijiyar. Injin ban ruwa ya fi komai yin wannan ɓarna. A ɗauki samfur yanzu ko da ruwan garau yake, don a san yadda yake tun farko, a sake a tsakiyar damina, a sake bayan kaka. Ƙa'idar benzin a ruwan sha maikurogiram 10 ce a lita, wato kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram guda, abin da hanci ba ya ji, harshe ba ya ɗanɗana. Man gas ba shi da benzin sosai, fetur ne ke da shi: in aka ɗauka kashi ɗaya cikin ɗari ne, benzin ɗin da ke cikin lita guda ya isa ya kai lita dubu ɗari takwas ta ruwa wannan haddi, kuma shi ne ke jawo sankarar jini in an daɗe ana sha. Tafasawa ko tacewa da ƙyalle ba abin dogaro ba ne. In kuwa aka ga maiƙo ko aka ji wari, kada kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa; tururi na taruwa a ciki, mutum ya sume kafin a jawo shi.

Wa zai biya? Wanda ya zubar. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, a 2006 ta wajabta wa wanda ya zubar da mai ya kai rahoto cikin awa 24, ya kuma gyara wurin, akwai tara a kan ƙin yin kowanne. Ka rubuta ƙorafi zuwa gare su, ka ba ma'aikatar muhalli ta jiharku da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kwafi, ka riƙe naka da hatimin karɓa. Tun yau ka ɗauki hotuna da bidiyo, ka rubuta lambar motar da sunan kamfanin da ke jikinta, ka nemi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra. Ka sa mai unguwa da dagaci a cikin maganar, su ga wurin da idonsu. Ka tambayi wakilin ko motar na da inshora, wane kamfani ne. Sulhu alheri ne, ban hana ka ba, amma a raba abu biyu a rubuce: diyyar amfanin gonar da ka rasa daban, kuɗin gyara da gwaje-gwaje daban, a kuma rubuta cewa maganar rijiya a buɗe take har sai gwajin bayan damina ya fito. Abin da za a damƙa maka a bakin titi ba zai biya hayar katafila ta yini guda ba.

Ramin da aka kwashe, in gwaji ya nuna gindinsa ya fita, a cike shi da ƙasa mai kyau a zuba taki. Wannan kana iya shuka shi baɗi. Ƙasar da aka yi wa jinya kuwa, kafin ta koma gona ka yi mata gwajin manomi tare da na ɗakin gwaje-gwaje. Ka cika tukwane biyar da ita, biyar da ƙasar gonarka mai lafiya, ka shuka ƙwayar masara ko wake goma-goma a kowace, ka ba su ruwa daidai. Bayan mako uku ka ƙirga tsiro, ka tuge ka duba saiwa. Ka lura kuma ko ruwa na shiga ƙasar ko yana taruwa a sama yana gangarewa, domin ƙasar da ke da sauran mai ba ta shan ruwa. In tukwanen sun yi kunnen doki, sakamakon gwaji kuma ya sauko, ka fara da dawa, gero ko masara, waɗanda abin ci ke sama. Rogo, dankali, gyaɗa, albasa da karas, duk abin da ke kwana cikin ƙasa, da ganyen miya mai taɓa ƙasa, ka jinkirta su sai an ƙara shekara an sake gwadawa. Karan shekarar farko ma kada a ba dabbobi, a bar shi ya ruɓe a wurin.

Ka auna mini zurfin ruwan rijiyar da igiyar guga, ka haƙa rami ɗaya a tsakiyar wurin ka ga inda warin ya tsaya. Da waɗannan biyun zan iya gaya maka ko shebur da baro za su wadatar, ko sai an kira katafila kafin ruwan farko.